Riɗin Roda a Filin Kamfani

Gonar ta yayana ce, Malam Baffa, kuma wanda ya zo tashinta ɗansa ne na cikinsa, Ɗanlarai, wanda na goya a bayana. Saboda haka duk mai son ba da labarin nan a gabana sai ya yi hankali, don a kan idona aka yi komai. Sunana Sauda.

Gonar tana kan hanyar Gubi, daidai inda gidajen Bauchi suke ƙarewa gonaki su fara. Da ciwon ƙafa ya hana Baffa fita sai ya raba ta biyu, ya ba ni gefen titi, ya ba Roda aron gefen tudu. Roda mutuniyar Bogoro ce, amma a birni ta yi aure ta haifi 'ya'yanta. Mijinta Irmiya direban babbar mota ne har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ya koma kwance, tun daga nan ita ce mijin ita ce matar. Kowa Maman Jesse yake ce mata. Ni kaɗai nake kiran sunanta gatsal, don keke ɗaya muke shiga da safe, keke ɗaya muke dawowa, kuma mun yi faɗa a kan iyakar gona har mun gaji mun koma aminai. Ita ba ta zuwa ran Lahadi, ni ba na zuwa ran Juma'a, kowacce tana duba wa 'yar'uwarta.

A wannan shekarar riɗi ta shuka, tun daga kunyar farko har ta ƙarshe. Na ce ta raba, ko gyaɗa ce ta sa a gefe saboda halin damina. Ta ce ita ba ta iya rabin abu ba. Keken ɗinkinta ta sayar ta sayi iri da taki, ta duƙa ita kaɗai, rana ta gasa ta har ta koma kamar ba ita ba. Allah kuwa ya ba ta. Ban taɓa ganin tudun nan ya yi riɗi irin na wannan shekara ba. Abincin gidanta na shekara da maganin Irmiya duk a cikin gonar suke, ba ta da wani abu a wani wuri.

Wanda bai san riɗi ba bari in gaya masa halinsa. Ana yanke shi ne da sauran ɗanyantaka, a ɗaure dami-dami, a kafa itace a gicciye, a jingine dammunan a tsaye kai sama, a bar wa rana sauran aikin. In ya fara bushewa sai kwanson ya buɗe baki, 'ya'yan na zaune a ciki ba abin da ya riƙe su sai tsayuwar. Daga nan ba a ɗaga shi, ba a matsar da shi, ko akuya ba a bari ta gifta kusa. Ka karkata dami kaɗan, ya tsiyaye cikin ƙasa. Sai ya bushe sarai ake shimfiɗa tamfol a gindinsa, a kifa shi, a kakkaɓe da sanda. Roda ta yanke nata ta jingine layi uku masu tsawo, tana jiran rana ta gama.

Maganar kamfani kuwa ba ɓoyayya ba ce. Tun farkon damina aka ce wasu mutanen Legas za su kafa masana'antar gyaran riɗi da matsar mai, kuma gonar Baffa ta faɗa cikin filin da aka yanka musu. An biya shi diyya ya karɓa, ya kira mu ni da Roda har gida ya ce wannan ce daminarmu ta ƙarshe a wurin. Roda ba ta yi musu ba, gona ba tata ba ce. Amma akwai abin da kowa ya sani ba sai an faɗa ba: ba a karɓar gonar aro da amfani a tsaye. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ka ara wa, sai ya kwashe abinsa kafin ka taka. Haka muka taso muka tarar, haka Baffa ya gaya wa mutanen da suka zo awo, suka ce ai ba komai, aiki sai bayan kaka.

Ran Litinin da hantsi muna zaune a inuwar ɗorawa sai ga farar mota ta sauka daga titi. Ɗanlarai ne. Shi ne sakataren kwamitin da aka ɗora wa tarbar masu zuba jari, a can ofis da wani dogon suna suke kiransa, mu dai Ɗanlarai muka sani. Ya durƙusa mana yadda ya saba.

"Goggo, sannu da aiki. Mama, sannu da rana."

Muka amsa. Gaisuwa yake yi amma idonsa na kan dammunan, tun nan na san ba alheri ya kawo shi ba.

"Mama, an matso da rana," ya ce wa Roda. "Mai kamfanin da kansa zai zo ran Alhamis, da babban baƙo, a aza harsashi. A nan tudun za a kafa rumfuna, saboda daga nan ake hango dam ɗin Gubi. Kafin lokacin katafila za ta zo ta share wurin."

"Wace Alhamis?"

"Wannan mai zuwa."

Roda ta dubi riɗinta, ta dube shi. "To ka gaishe su. Riɗi bai bushe ba."

"Za mu kawo tifa a kai miki shi duk inda kike so, ba za ki biya ko sisi ba."

"Kai ba ɗan Baffa ba ne? Wa ya koya maka ana ɗora riɗi mai buɗaɗɗen baki a tifa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sani sarai, ai a gonar nan ya yi wayo. "To a kakkaɓe yau," ya ce. "Zan turo masu taya ki."

"Na ƙasa ya buɗe, na sama ɗanye ne. In na kakkaɓe yau rabi zan samu. In na tara sauran wuri ɗaya ya gumu ya yi baƙi, wa zai saya? Ka ba ni mako ɗaya, Ɗanlarai. Ba ni zan yi aikin ba, rana ce."

Sai ya gyara zama a kan gungume, ya cire hula, ya fara magana da murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon iri.

"Mama, kin san shekara nawa muna bin mutanen nan? Su zo, mu sauke su, su ci su sha, su yaba mana, su wuce Kano su kafa abinsu. Duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa. Akwai kaya? Akwai hanyar fitar da su? In na kafa, wani ba zai fito gobe da sanda ya ce filin kakansa ne ba? Riɗi muna da shi. Hanyar Kano da ta Jos da ta Gombe duk ta garin nan suka bi, ga ruwa kwance a Gubi. Amma wasu ma suna da irin wannan. Abin da ya sa suka zaɓe mu shi ne mun ce a nan ba a ɓata wa mutum lokaci, in an ce fili rana kaza, ranar zai same shi fes, ba kowa a kai. Da bakina na faɗa musu. In suka zo suka tarar da gona a tsaye, me zan ce? Ga Jesse naki nan da digirinsa, keke yake ja. Don irinsu nake wannan wahalar."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Da ƙarya ya zo da ita da na san yadda zan yi da shi.

Roda ta miƙe tsaye ta gyara ɗaurin zaninta. "Kada ka sa sunan ɗana a bakinka don ka zubar mini da abinci. Kamfani ya zo, ina murna. Ni riɗi nake nomawa, wa ya fi ni son mai saye a kusa? Amma ka ce musu ba kowa a kai. Ni ba kowa ba ce?"

"Ba haka nake nufi ba, Mama. Za a duba a biya ki diyya."

"Irmiya ba ya shan alkawari, magani yake sha."

Ya juyo gare ni wai ko zan sa baki. Na ce masa in ni yake jira to ya daɗe, ya tashi ya ba mu wuri tun ban tuna masa ranar da ya yi kuka a gonar nan don jaki ya taka masa kunyar wake ba. Ya mayar da hularsa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Da yamma na je wurin Baffa na zazzage masa komai. Ya kira ɗansa a waya, yaron ya ƙi ɗauka. Ya sake kira, shiru. Sai ya ajiye wayar a kan buzu ya ce mini shi yanzu ba shi da gona, ba shi da bakin magana, amma Allah ya sani bai yarda ba. Na ce masa ai Allah ya sani tun kafin ka faɗa, mutane ne ba su sani ba. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa.

Talata ta wuce ba wanda ya zo, har na fara cewa ko yaron ya ji kunya. Ashe dabara ce. Ran Laraba da muka sauka daga keke sai muka hango tifa a tudu, katafila na fake a bayanta, sun yi sammako don su riga mu. Leburori sun fara daga can ƙarshen layin farko.

Kafin idona ya gane abin da ake yi kunnena ya ji. Duk damin da suka ɗaga sai ka ji shaaa, kamar yayyafin farko a kan kwano. Riɗin Roda ne yake tsiyaya cikin ƙasa, wani a kafaɗar masu ɗauka, wani a hanyarsu zuwa mota, wani ta ramukan bayan tifa. Abin da suke lodawa kara ne kawai.

Ban san Roda na da gudu ba sai ranar. Ta yar da kwandonta ta zura, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Na ɗauka ihu za ta yi. Ba ta yi ba. Ta je ta tsaya a gaban damin da za a ɗauka na gaba, ta buɗe hannuwa, numfashinta na fita da ƙyar. Layin farko ya riga ya tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Babban leburorin wani dattijo ne mutumin Zungur, da ganin hannunsa ka san fartanya ta san shi. Ya riga ya rungumi dami. Da ya gan ta sai ya mayar da shi a hankali ya jingine yadda ya same shi.

"Mama, naki ne?" ya tambaye ta. "Wallahi ce mana aka yi an sallami mai shi. Tun da muka fara raina bai so ba."

"Nawa ne. Ba wanda ya sallame ni."

Ya dubi 'yan'uwansa, suka saki hannu suka koma gefe. Ɗanlarai ya taho daga wurin mota yana faɗa, wai an biya su kuɗin wuni, wai ba su da hurumin tsayawa, wai masu rumfa na hanya. Ba wanda ya motsa. Direban katafila ma da ya ga haka sai ya kashe injinsa ya sauko yana sakace haƙori.

"Ka bar 'ya'yan mutane," in ji Roda. Muryarta ba ta tashi ba. "Su ba su san ni ba. Kai ka san ni, ka ci tuwona, ka san Irmiya na kwance. In za a ɗauka, kai za ka ɗauka da hannunka. Ga shi nan."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Na rantse na ɗauka zai juya. Amma idon mutane na kansa, ga gobe Alhamis, ga zuciya irin ta gidanmu da ba ta san ja da baya ba. Ya tattare hannun rigarsa ya je ya sunkuci damin ya ɗaga sama. Riɗi ya zubo masa a ka, ya bi wuyansa, ya gangara kan farar shaddarsa, ya cika masa aljihu. Ya tsaya riƙe da karan, bai kai mota ba, bai mayar ba. Na ji kamar in kwaɗa masa mari, kuma na ji kamar in fashe da kuka, don wannan hannun ni na koya masa cin tuwo.

A haka wata mota ta same mu. Wani gajeren mutum mai tabarau ya fito, da wando da riga 'yar shara, ba rakiya ba komai. Daga baya na ji sunansa Tunji, shi ne manajan da kamfanin ya turo ya zauna a Bauchi, ya zo ne ya ga yadda ake shirin gobe. A Jos ya yi ƙuruciya, yana jin Hausa, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Bai gai da kowa ba. Ya bi sawun leburori da ido tun daga layi har tifa, ya tsuguna ya dumbuzi ƙasa, ya hure, ya tsinci riɗi ya jefa a baki ya tauna.

"Wannan na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Roda.

"Mama, kai ka noma?"

"Ni na noma."

"Fari ne. Yana da mai." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

Ɗanlarai ya yar da karan ya matso, ya shiga zuba masa Turanci da sauri-sauri. Ni ban san Turanci ba, amma na san fuskar mai cewa ƙaramin abu ne, yanzu za a gama. Tunji ya bar shi har ya kai aya, sannan ya amsa masa da Hausa, da gangan, don kowa ya ji.

"Malam, ka gaya mana babu kowa a fili."

"Ai aro ne, ranka ya daɗe. Mai filin an biya shi."

"Kun gaya wa Mama sai ya gama girbi?"

Ɗanlarai ya kau da kai gefe. Ni na amsa, na ce an gaya mata, a gabana, a zauren yayana.

Tunji ya gyaɗa kai. "Ni ba fasto ba ne, ban zo wa'azi ba, kasuwa na zo. Amma bari na gaya maka abin da oga na yake tsoro. Ba haraji ba, ba wuta ba, wannan duka muna iya shiryawa. Inji in ka kafa shi a ƙasa, ba ya da ƙafa. Yau kun ce ma Mama sai bayan girbi, kun kawo tifa. Mu ma kun ce mana magana mai daɗi. Gobe wani ya zo, ya fi mu nauyi, yana son wannan tudu. Za ku kawo tifa?"

"Haba, ranka ya daɗe, ai ku daban ne."

"Kowa daban ne sai ranar da babba ya zo." Ya nuna leburorin da haɓa. "Kuma wannan mutane su ne za su kawo mini kaya. Kafin yamma duk ƙauye ya ji kamfanin riɗi ya fara da zubar da riɗin mace. Wa zai ba ni buhunsa bayan haka?"

Kada wani ya ce muku mutumin kirki ne Allah ya jefo ya cece mu. Ɗan kasuwa ne, ya auna ya ga inda ribarsa take. Da Ɗanlarai ya tambaya ko za a ɗaga bikin, cewa ya yi ko kusa, oga ya riga ya sayi tikitin jirgi. Ya waiga ya hango gefena, inda na cire gyaɗata tuni, fili fetal a bakin titi. Ya ce na wane ne, na ce nawa. Ya ce a kafa rumfuna a can. Ɗanlarai ya ce ai daga can ba a hango dam.

"Oga daga Legas yake," in ji Tunji. "Ya taɓa ganin ruwa."

Ya juya zai shiga mota na tare shi. Na ce wanda ya zube fa?

"Mama, ba ni na zubar ba." Ya rufe ƙofa ya tafi.

Roda ba ta gode masa ba, ba ta ko bi motarsa da kallo ba. Ta sa leburori suka sauke karan da ke cikin tifa a hankali a kan tamfol, ta share bayan motar da hannunta, ta tattara abin da ya maƙale. Sannan ta ɗauko igiyar da muke ɗaure dami ta zagaye layi biyun da suka rage da duk inda riɗi ya zuba, ta kafa turaku. Dattijon Zungur ya taya ta bugawa ba ta roƙe shi ba. Ɗanlarai ya daɗe tsaye a gefe yana kakkaɓe wuyan riga, da ya ga ba mai kula shi ya bi masu rumfa.

A keke da za mu koma gida ne ta yi kuka, ba sauti, fuskarta na waje. Na riƙe hannunta. Da muka kusa unguwarsu ta share ido ta ce kada in gaya wa Irmiya, ta ce gobe in zo da tsintsiya da rariya.

Ran Alhamis gefena ya zama wani gari. Rumfuna ja da fari, kujeru, tutoci, makaɗa, 'yan sanda, motoci har bakin kwalta. Mutanen da ban taɓa gani sun zo neman ko ganyen rama a wurin nan ba duk sun hallara da manyan riguna. Mu kuwa muna tudu, cikin igiya. Ni na ɗauki sanda ina sintiri, don samari sun fara hawowa neman inda za su hango, wasu direbobi kuma na son ajiye mota a gindin riɗi. Duk wanda ya matso sai in nuna masa hanya, wanda ya yi gardama in nuna masa sandar. Har wani ɗan sanda na kora, ya tafi yana cewa wannan tsohuwa ba ta da lafiya.

Roda na duƙe. Tana share ƙasa a hankali tana tarawa, ta zuba a rariya ta tankaɗe, ta juye a faifai ta sheƙe, ta tsince tsakuwa da yatsa. Tururuwa sun riga sun kwashi rabonsu tun jiya, kurciyoyi ma haka. Abin da yake fitowa ba farin riɗin nan ba ne, wani ja-ja ne mai ƙasa, wanda sai dai a ci a gida. Aikin da za ta wuni tana yi ba zai mayar mata da ko kashi ɗaya cikin goma na layin ba, ta sani na sani, amma ba ta ɗaga kai ba.

Lasifika kuwa har tudu take kawo mana jawabi. Wannan ya tashi ya ce jiharmu ta buɗe ƙofa, wancan ya ce a nan baƙo ɗan gida ne, wani ya ce riɗinmu har ƙasashen waje ake rububinsa, kuma duk albarkar manomanmu ce masu haƙuri. Aka yi tafi. Na ce wa Roda kin ji ana yabonki. Ta ce in miƙo mata faifai.

Can sai mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce yanzu za a ga abin sha'awa. Wata jarumar manomiya da ke nan kusa za ta kawo wa mai kamfani dami ɗaya na riɗi da hannunta, a gaban babban baƙo, a ɗauki hoto, alamar manoma sun yi maraba. Makaɗa suka ɗauka. Duk rumfuna suka juyo suna kallon tudu.

Na ce lallai mutanen nan ba su da ta ido. Ban san wanda ya kawo shawarar ba, amma na san wanda aka aiko. Ɗanlarai ya taho cikin sabuwar shadda, yana tafe kamar an ɗaura masa dutse, ya ɗaga igiyar ya shigo. Ban hana shi ba, na so in ji da wane baki zai faɗa.

"Mama," ya ce. "Dami ɗaya ne kawai. Minti kaɗan, ki miƙa, a ɗauki hoto, ki dawo. Babban baƙo da kansa ya ce yana son ganinki. Wataƙila ma ta nan a duba maganar abin da ya zube."

Roda ta ci gaba da tankaɗe.

"Mama, don Allah. Kowa na kallo."

"In na ɗaga dami daga nan zuwa can, me zai kai?" ta ce, ba ta dube shi ba. "Kara za su ɗauka a hoto. Mai son ganin riɗi ya hawo ya gan shi inda yake tsaye, ba na hana kallo. Kuma kai, cire takalminka. A kan abincina kake tsaye."

Ya dubi ƙafarsa. Daidai inda ta tara sharar da ba ta tankaɗe ba ya taka. Ya ja da baya, nan ma riɗi ne, ko'ina cikin igiyar riɗi ne. Sai ya sunkuya, a gaban rumfuna da makaɗa da masu hoto, ya cire takalman ya riƙe a hannu. Lasifika na ta kiran sunansa na ofis, ana cewa ana jira, babban baƙo na da wani taron.

"Me zan ce musu?" ya tambaya. Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro.

"Abin da na gaya maka ran Litinin."

Ya ɗan tsaya, sannan ya fita ta ƙarƙashin igiya. Bai mayar da takalman ba. Muna kallonsa ya gangara tudu a haka, ya ratsa ta tsakiyar kujeru, ya karɓi abin magana daga hannun mai gabatarwa. Makaɗa suka tsaya.

"Ranku ya daɗe," muka ji muryarsa ta cika filin. "Mai riɗin ta ce bai bushe ba. Sai a jira ta."

Roda ta juye faifanta a buhu, ta jawo tsintsiya ta matsa gaba.